Zangon Farko a Jami'a: Nauyin da Sabon Ɗalibi Ke Ɗauka Shi Kaɗai

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, gidansu kan kwana cikin murna, kuma murnar tana da dalili. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, a sakamakon farko da hukumar ta fitar kuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Duk wanda ya haye wannan, ya haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ya tsallake tantancewar jami'a, ya isa a yi masa barka. Goggo ta aiko da yaji da daddawa, kawu ya miƙo kuɗin mota, Baba ya zaunar da shi bayan sallar isha'i: ka ji tsoron Allah, ka san abin da ya kai ka, ka kiyayi abokan banza. A lissafin mutanen gida an gama mai wuya. Abin da yaron zai gani a watanni uku ko huɗu na zangon farko, ba kasafai labarinsa ke komawa gida ba.

Layi, gado da lacca

Sabon ɗalibi, wanda tsofaffin ɗalibai ke tsokana da sunan jambito, yakan sauka a ƙofar jami'ar da ke Samaru a Zariya, ko sabuwar jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ko mazaunin dindindin na jami'ar Ɗanfodiyo a bayan garin Sakkwato, da akwati da bokiti da ƙaramar tukunyar gas da fayil cike da takardu. Makon farko na layi ne. Layin tantance takardu, layin shagon intanet don ciro takardar biyan kuɗi, layin gwajin lafiya, layin jiran sa hannun kodineta wanda aka ce ya fita yanzu zai dawo. Gado kuwa sai mai rabo. Ɗakunan kwana irin su Suleiman da Amina da Ribadu a Zariya an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su kusa kai yawan na yau ba, kuma haka abin yake a yawancin tsofaffin jami'o'in tarayya. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu yakan kwana da ninkin haka saboda masu raɓawa. Wanda bai samu ko raɓen ba sai ya nemi haya a wajen makaranta, da kuɗin da ba a sa su cikin lissafi ba tun daga gida.

Kafin ya gama rajista an yi nisa da lacca. Zauren na ɗaukar ɗaruruwa, wanda ya makara yana tsaye a bakin taga, lasifika wata rana ta yi aiki wata rana ta ƙi. Malamin na magana da Turanci cikin sauri, ba ya tsayawa ya juya bayani da Hausa yadda malamin sakandaren garinsu ke yi. Yaron da shi ne na ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida, wanda shugaban makaranta ya san sunan mahaifinsa, yanzu lambar rajista ce kawai a takardar halarta. Idan ya juya gefe sai ya ga waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna suna ɗaga hannu suna musu da malami. Sai ya fara raya wa kansa cewa an yi kuskure ne aka ɗauke shi.

Ga kuma kos. Da yawa likitanci ko lauya suka nema, aka ba su ilimin tsirrai ko tarihi, suka karɓa don kada a sake zaman shekara guda a gida. A unguwa kuwa tun yanzu an fara kiran yaron Dakta.

Kuɗi su ne suka fi komai cin rai, don su ne ba sa ɗaga ƙafa ko da rana ɗaya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota ya ninka, kuma zuwa Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari. Asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba da naira dubu ashirin a wata ga wanda ya nema ya samu. Ya rage wa mutane da yawa zafi, amma duk wanda ya san farashin kwanon shinkafa da kuɗin buga takardun lacca ya san inda dubu ashirin ke tsayawa. Ɗalibai suna da lissafinsu na barkwanci, sifili-ɗaya-sifili: ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Ana faɗa ana dariya, amma mai yin sa da gaske ba ya cikin masu dariyar.

Shekarun da ciwon ke fara leƙowa

Da a ce wahalar nan ta faɗo wa ɗan shekara arba'in, da sauƙi. Sai dai tana faɗo wa mutum a daidai shekarun da larurorin ƙwaƙwalwa suka fi fara bayyana. Wani babban bincike da Ronald Kessler na jami'ar Harvard ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa rabin waɗanda za su taɓa yin irin wannan larura a rayuwarsu ta fara musu ne kafin ko a shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma zuwa shekara 24. Ɗalibanmu na shiga jami'a daga shekara 16 zuwa 20, a tsakiyar wannan tazara ke nan.

A 2018 wani shirin bincike da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da sakamakon tambayoyin da ya yi wa ɗaliban aji ɗaya kusan dubu goma sha huɗu a manyan makarantu 19 na ƙasashe takwas, ciki har da Afirka ta Kudu da Meziko da Jamus da Amurka. Kimanin ɗaya cikin uku ya nuna alamun wata larura cikin shekarar da ta gabata, kuma ciwon damuwa mai tsanani da fargaba mai yawa su ne kan gaba. Najeriya ba ta cikin ƙasashen, don haka ba za a ɗauko adadin a ɗora mana kai tsaye ba. Amma abin lura shi ne, a can ɗin ba a layin ruwa, ba a yajin aikin wata takwas irin wanda ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Zai yi wuya a ce namu sun fi nasu sauƙi. Binciken ya kuma nuna cewa da yawansu da abinsu suka zo daga gida. Jami'a ba lallai ita ta haifar da shi ba, ita ce dai ta janye abin da ke riƙe da shi.

Matsi shi kansa ba cuta ba ne. Idan mutum ya hango abin tsoro, jiki kan saki sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, hankali ya tattaru wuri guda. Wannan ne ke tayar da ɗalibi ya yi karatu ana jibi jarrabawa. Matsalar ita ce idan abin ya ƙi sauka, mako bayan mako. Barci ne ke fara lalacewa, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Sai ɗalibi ya ga yana karatu ba ya zama, sai ya ƙara tsawon karatun dare, ya haɗa da Nescafe da goro da lemon ƙara kuzari, barcin ya ƙara guduwa, karatun ya ƙara ƙin zama.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta game da ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da kuka iri ɗaya: kai na zafi kamar ana hura wuta, wani abu na yawo a cikin kai, ido na dishi-dishi idan an buɗe littafi, ana karantawa ba a fahimta. Ɗaliban da kansu suna kiran abin gajiyar ƙwaƙwalwa. Shekaru ashirin bayan haka Olufemi Morakinyo ya danganta shi da rashin barci da shan abubuwan hana barci lokacin jarrabawa, likitoci da yawa a yau kuma suna ganin fargaba ce da damuwa suka fito ta jiki. Fiye da shekara sittin ke nan, kuma har gobe da irin wannan kukan ɗalibi ke zuwa asibitin makaranta. Ba zai ce ina cikin damuwa ba. Zai ce kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa, ina jin olsa ce ta tashi. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, wanda ma ya yi ƙaurin suna wajen nuna cutar inda babu ita, a ba shi magani, bayan sati biyu ya dawo da kukansa.

Abin da aka baro a gida

A nan ne nake ganin labarin ɗan Hausa ya ɗan bambanta da na takwaransa na Jamus ko Amurka. Yaron da ya taso a gidan yawa bai taɓa neman wanda zai kula da shi ba, domin kulawar tana nan tun kafin ya buɗe baki. Idan bai fito cin tuwo ba, wani zai leƙa ɗaki. Idan ba a gan shi a sahun asuba ba kwana biyu, liman ko maƙwabci zai tambaya. Idan fuskarsa ta canza, kaka za ta ce zo nan, wa ya taɓa min miji? Majalisar ƙofar gida ta san ranar da bai zo ba. Duk wannan ba shi ya gina ba, tarar da shi ya yi, shi ya sa bai san yana da shi ba sai ranar da aka cire shi daga ciki, kamar dashen da aka tumɓuke daga bakin rafi aka kai tudu. A jami'a mutum zai kwana uku a kan gado bai fita ba, 'yan ɗakin su ɗauka barci ne ko miskilanci.

A 1985 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Sheldon Cohen da Thomas Wills, suka tattara binciken da aka yi a kan matsi da dangantakar mutane, suka fito da bayanin da har yau ake komawa gare shi. Wahala iri ɗaya kan sami mutum biyu, ta kayar da ɗaya ta bar ɗaya a tsaye, kuma cikin abubuwan da ke raba su akwai ko mutum ya san yana da wanda zai juya gare shi. Abin mamakin shi ne, sanin cewa taimakon yana nan idan an buƙata yakan yi aiki ko da ba a kai ga karɓarsa ba. Sun kuma nuna cewa taimako iri-iri ne, kuma sai ya dace da ciwon yake magani. Akwai na aljihu, akwai na shawara da nuna hanya, akwai na zama tare a yi hira, akwai na wanda zai saurare ka ya nuna maka kana da daraja ko ka ci ko ka faɗi. Iyayenmu, Allah ya saka musu, sun iya na farkon iyakar ƙarfinsu. Na ƙarshen ne ke wuya ta waya.

Kowa ya san yadda kiran yake. Umma ta ce, "Ya karatu? Kana dai cin abinci ko?" Ya ce, "Lafiya lau, Umma, alhamdu lillahi." Baba ya karɓa: "Kuɗin sun shigo? To, a dage, ka san ƙannenka kai suke kallo." Ya ce, "In sha Allahu, Baba." An gama. Ba ƙarya ya yi ba a ganinsa, tarbiyya ce. An koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya raki, kuma wanda aka sayar da akuya ko aka ci bashi don a biya masa rajista ba shi da bakin cewa ya gaji. Kunya da kawaici da ke sa zaman gida ya yi daɗi su ne ke rufe masa baki a wurin da ba mai karanta fuskarsa. Wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a nasa ya fi nauyi, don ko ya faɗa ba wanda ya san mene ne kariyoba, wato sake kos ɗin da aka faɗi, balle ya ce masa ba ƙarshen duniya ba ce.

Na 'ya mace ya ɗara haka. Sau da yawa da ƙyar aka bar ta ta tafi, bayan an sha muhawara da baffanni, don haka ta san duk ƙorafin da ta kai gida zai iya zama hujjar cewa ta dawo. Idan wani malami ko wani ɗalibi ya matsa mata, shiru ya fi mata sauƙi a kan a ce dama mun faɗa. Tsoron iyaye ma ba na banza ba ne: a Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida kusa da jami'ar tarayya ta Gusau. Yarinyar da ba ta samu gado a cikin makaranta ba da wannan tunanin take kwana. Akwai kuma matar aure da ke zuwa lacca da goyo, da 'yar cikin gari da ke hawa adaidaita sahu biyu kafin ta iso, ta koma ta tarar da wanke-wanke na jiranta. Ita tana cikin 'yan uwanta kullum, amma ba wanda ya san abin da take ciki, wannan ma kaɗaici ne.

Masu tarar baƙo

Duk da haka yawancin ɗalibai suna miƙewa, kuma idan aka bi diddigi za a tarar ba wani ofishi ne ya miƙar da su ba. Ɗan garinsu ne da ke aji uku ya ba shi gefen katifa, ya nuna masa ofishin da zai fara zuwa. Ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta ƙaramar hukuma ce ta kafa tebur a bakin ƙofa lokacin rajista. Masallacin ɗakin kwana ne, inda ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa tun 1954, ke shirya darussan bita kyauta, ko taron addu'ar FCS ga ɗalibai Kirista. Tukunyar haɗaka ce, wannan ya kawo shinkafa, wancan wake, wani mai da yaji, a yi garau-garau a ci a faranti ɗaya. A ganina wannan tukunyar ta tsare lafiyar ɗalibai fiye da duk jawaban da ake yi ranar rantsar da sababbi, domin wanda ake jira ya kawo manja, za a san ranar da bai zo ba.

Sai dai ba masu alheri kaɗai ke tarar baƙo ba. Yaron da ya rasa wurin zama zai zauna inda aka matsa masa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abu cikin shekarar da ta gabata. A watan Mayun wannan shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da Kano. Mun saba kallon ɗalibin da ya faɗa shaye-shaye a matsayin wanda ya lalace saboda 'yanci ya yi masa yawa. Wasu haka ne. Wasu kuwa barci suke nema, ko abin da zai kashe muryar da ke ce musu ba za su iya ba, kuma wanda ya fara miƙo musu kwalbar shi ne mutum na farko da ya tambaye su me ke damunsu.

Waya kuma ta zo da nata. Tana haɗa yaro da Umma a kowane lokaci, amma tana ba shi damar ya zauna a Zariya da jikinsa alhali duk hirarsa tana zauren WhatsApp na 'yan ajinsu na sakandare. Ya kai ƙarfe biyun dare yana kallon hotunan waɗanda suke nuna sun dace, bai san sunan wanda ke kwance a gadon sama ba.

Idan abin ya wuce na aboki

Akwai inda hira da garau-garau ba sa isa. Likitoci sukan sa iyaka a mako biyu: idan mutum ya kai haka cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ci ya canza, ya daina zuwa lacca, yana ganin kansa ba shi da amfani, to ya wuce kewar gida. Idan ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, ko yana rabar da kayansa, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta zuba da ƙarfin da ba a san shi da shi ba, wannan na gaggawa ne. Ba a barinsa shi kaɗai, kuma ba a jira gari ya waye a ga ko zai ware. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta sa masa tunanin, bincike ya tabbatar da haka, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki.

Daga nan ina za a kai shi? Wani bincike da Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsu suka yi a ƙauyen Karfi na jihar Kano, aka buga a 2004, ya tambayi mutane abin da ke jawo taɓin hankali. Shaye-shaye ne ya zo farko, sai ƙaddara ko fushin Ubangiji, sai sihiri da aljannu. Amma da aka tambaye su inda suka fi so a kai mara lafiya, kusan rabi asibiti suka ce. Wato mutanenmu ba su ƙi asibiti yadda ake yawan faɗa ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana ganin likita, kuma malamai da yawa su da kansu suke cewa a je. Abin da ke tsorata iyali shi ne suna: a ce ɗansu ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, a ce 'yarsu tana shan maganin ƙwaƙwalwa ga maganar aure na tafe. Ga kuma ƙarancin likitocin. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa waɗanda suka rage suna aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200.

Doka ta ɗan motsa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na a rufa masa asiri, kada a nuna masa bambanci. Amma sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da likitoci suka daɗe suna neman a soke. Ɗalibin da ya ga abokinsa a wannan hali yana da dalilin jin tsoron kai maganar ofis.

Abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi

Tun da likitoci ba za su wadata nan kusa ba, ya kamata a duba abin da wasu suka gwada da hannun da ke akwai. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya cikin zama shida. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a kan kusan rabi na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Matan nan ba digiri gare su ba, horo ne na ɗan lokaci da kuma likitan da za su tura wa wanda ya fi ƙarfinsu.

Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne gwajin Gregory Walton da Geoffrey Cohen, wanda mujallar Science ta buga a 2011. Sun ba wasu ɗaliban aji ɗaya a wata jami'ar Amurka bayanan tsofaffin ɗalibai su karanta, inda suke cewa su ma da farko sun ji kamar ba wurinsu ba ne, sun ji tsoron malamai, sun rasa abokai, kuma abin ya wuce da lokaci. Sannan aka sa sababbin su rubuta irin wannan saƙo ga waɗanda za su biyo bayansu. Duka bai wuce aikin awa guda ba. Bayan shekara uku, baƙaƙen fatar da suka shiga gwajin sun fi takwarorinsu da ba a ba su bayanan ba maki, tazarar da ke tsakaninsu da farare ta ragu da kusan rabi, kuma sun ce ba sa yawan zuwa asibiti. Ɗaliban gwajin ba su kai ɗari ba, amma an maimaita shi a makarantu 22 da ɗalibai fiye da dubu ashirin da shida, sakamakon ya fito a 2023. Ya yi aiki, sai dai da sharaɗi: a inda makarantar ta ba wa ɗalibin damar zama ɗan gida da gaske. Faɗa wa yaro cewa zai saba ba ya amfani idan ba gadon kwana.

Jami'o'inmu suna da sashen ba da shawara, yawanci ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai, amma a tambayi 'yan aji ɗaya goma inda yake a ga nawa za su nuna. Ana ambatarsa sau ɗaya a taron wayar da kai, wanda ake yi lokacin da rabin sababbin suna can kan layin rajista. Alhali mutanen da ɗalibi ke gani kullum suna nan: kodinetan aji, shugaban ɗakin kwana, matar da ke kula da ɗakin 'yan mata, amir da amirar masallaci, shugabannin ƙungiyoyin gari, ma'aikacin jinyar da ke rubuta maganin zazzaɓi karo na uku. Horon kwana biyu zai koya musu alamun da za su lura da su, da yadda ake tambaya ba tare da wa'azi ko tonon asiri ba, da lambar da za su kira. Ƙungiyar ɗaliban gari da ke kashe kuɗi a kan kalanda da liyafar ƙarshen shekara za ta iya tara sababbinta a mako na uku, 'yan aji uku da huɗu su faɗi gaskiyar yadda zangonsu na farko ya kasance, har da wanda ya sha kariyoba ya kuma fita lafiya. A gida ma akwai gyara mai sauƙi: yaya ko anti da ta fi kusa da shi ta riƙa kira ba don kuɗi ko maki ba, ta tambayi da wa yake cin abinci, ƙarfe nawa yake barci.

Lokacin da ya fi buƙatar ido shi ne ranar da aka liƙa sakamakon zangon farko, wanda sau da yawa sai an yi nisa a zango na biyu yake fitowa. A ranar ne wanda bai taɓa faɗuwa ba yake ganin F a gaban lambarsa, a bainar jama'a. Da yawa ba su san cewa kos ɗin da aka faɗi ana sake shi ba, ko cewa akwai hanyar canza sashe ga wanda karatun bai karɓe shi ba. Kaɗan ne kuma suka san cewa ƙa'idojin jami'o'i sun yarda ɗalibi ya jingine zango ko shekara saboda rashin lafiya, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ana rubuta takarda ne ta hannun shugaban sashe, a haɗa da rahoton asibitin makaranta, kuma tana da sauƙin karɓuwa idan an shigar da ita kafin jarrabawa. Wanda ya tattara kayansa ya tafi gida shiru, sifili ake rubuta masa a kowane kos.